Lafiyar Iyali: Ganyen Dandeliyon a Maganin Sinawa da Tambayar Mai Jego

A wannan makon za mu tsaya ne a kan wata tambaya da wata 'yar'uwa ta aiko mana, domin na lura irinta ta fara yawa.

Ta ce ƙanwarta ce ta haihu, ba ta kai ga yin arba'in ba sai nononta na dama ya kumbura ya yi ja, ga raɗaɗi, ga zazzaɓi da rawar ɗari. Ana cikin haka wata maƙwabciya ta shigo da kwalin shayi mai hoton wani fure ruwan ɗorawa da rubutun Sinanci a jiki. Ta ce musu sunansa dandeliyon, da shi matan ƙasar Sin suke maganin ciwon nono, kuma yana wanke hanta da ƙoda, yana narkar da duk wani ƙullutu da ke jiki. Tambayar ita ce: gaskiya ne? A ba ta ko kada a ba ta?

Amsar gaggawa na riga na ba ta tun a ranar: mai jegon da nono ya kumbura har da zazzaɓi, asibiti za a kai ta, ba a jira. Amma sauran tambayar tana buƙatar zama, domin maƙwabciyar ba ƙarya ta shara gaba ɗaya ba. Gaskiya ne Sinawa sun fi shekara 1,300 suna amfani da wannan ganye a kan kumburin nono. Sai dai yadda suke amfani da shi da yadda ake tallarsa a kasuwanninmu da zaurukan WhatsApp hanya ce biyu da ba ta haɗu ba. Bari mu bi abin daki-daki.

Wane irin tsiro ne?

Ɗan ƙaramin haki ne da ke fitowa da kansa a ƙasashe masu sanyi, a bakin hanya, a gonaki, a filayen kiwo. Ganyensa yana shimfiɗa a ƙasa ne ya yi da'ira kamar faifai, gefen kowane ganye kuma yana da tsaga-tsaga kamar bakin zarto. Daga nan sunan ya samo asali, domin kalmar dandeliyon daga Faransanci ta fito, ma'anarta haƙorin zaki. Masu karatunmu na Jamhuriyar Nijar da suka yi boko da Faransanci za su fi saninsa da sunan pissenlit, wato fitsarin kwance, sunan da Faransawa suka laƙaba masa saboda yadda yake sa fitsari.

Furensa ruwan ɗorawa ne. In ya nuna sai ya koma farin tuntu mai laushi kamar audugar rimi, iska na busawa 'ya'yan su watse. In aka karya karansa ko saiwarsa, wani farin ruwa ne ke fitowa kamar madara. Ɗanɗanonsa da ɗaci-ɗaci, amma bai kai shuwaka ba.

Sinawa suna kiransa pugongying, kuma wannan sunan ne za a fi gani a jikin kwalayen da ke fitowa daga can. Irin da suka fi amfani da shi ɗan'uwan na Turai ne, masana tsirrai suna ce masa Taraxacum mongolicum, na Turai kuma Taraxacum officinale. Duka tsiron ake cirewa har da saiwa, a wanke a shanya, sannan a yanka.

Yadda ya shiga littattafansu

Abin da ya bambanta maganin gargajiyar Sinawa da na al'ummu da yawa shi ne rubutu. Sun daɗe suna rubuta sunan kowane tsiro, da ɗabi'arsa, da cutar da yake yi wa aiki, da gwargwadon da za a sha. Saboda haka ana iya bin sawun wannan ganye tun daga farko.

A shekarar 659, zamanin daular Tang, fadar sarki ta sa wani malami mai suna Su Jing da tawagarsa suka tattara littafin magunguna wajen 850. Masana tarihi da yawa suna ɗaukarsa a matsayin kundin magani na farko a duniya da hukuma ta ɗauki nauyin rubutawa. A cikinsa aka ambaci pugongying, kuma aikin da aka ba shi takamaimai ne: kumburin nonon mace. A dafa a sha ruwan, a kuma ɗora shi a kan wurin.

A wannan zamanin ne kuma shahararren likitan nan Sun Simiao ya ba da labarin abin da ya faru da shi kansa. Wani dare a shekarar 631 bayan ɗan yatsansa na tsakiya na hannun hagu ya gogi wata bishiya a tsakar gida. Kafin gari ya waye wurin ya ɗauki ciwo, ya yi kwana 10 yana ƙaruwa. Sai ya tuna abin da ya ji daga dattawa, ya shafa farin ruwan wannan tsiro, kuma a cewarsa kafin wasu kwana 10 yatsan ya koma yadda yake.

Ba magani kaɗai suka ɗauke shi ba, abinci ne ma. A 1406 wani ɗan sarki na daular Ming, Zhu Su, ya wallafa littafi a kan tsirrai 414 da talaka zai iya ci ya rayu lokacin yunwa, kuma wannan ganye yana ciki. Shi kuwa Li Shizhen, wanda ya shafe shekara 27 yana rubuta babban kundinsa na magunguna 1,892 da aka buga a 1596, ɗauke shi ya yi daga babin haki ya mayar da shi babin ganyayyakin ci. Har gobe a arewa maso gabashin ƙasar Sin, da zarar ƙanƙara ta narke mutane sukan fita tsintar ɗanyensa. Suna ce masa popoding, su wanke su dangwala a miyar waken suya su ci, kamar dai yadda uwargida ke haɗa kwaɗon zogale ko na rama.

Zafi da sanyi a idon likitan Sin

Don a gane dalilin da ya sa suka ba shi wannan aikin, sai an san yadda suke kallon cuta. A wurinsu kowane magani yana da ɗabi'a: akwai mai zafi, mai ɗumi, mai sanyi-sanyi da mai sanyi ƙwarai. Cuta ma haka. Ƙa'idarsu ita ce a tari cutar zafi da maganin sanyi, cutar sanyi da maganin zafi. A kula, wannan sanyin ba shi ne ciwon sanyin da matanmu ke kuka da shi ba, kuma ba sanyin firiji ba ne. Ko da zafinsa aka sha shi, su a lissafinsu mai sanyi ne.

Pugongying a wurinsu mai ɗaci ne da ɗan zaƙi, mai sanyi, kuma suna cewa aikinsa yana bi ta hanyar hanta da ta ciki. Tun da a taswirarsu ta jiki nono yana kan waɗannan hanyoyi biyu, sai ya zama jagoran magungunan kumburin nono. Bayan wannan suna ba da shi ga maruru da ƙurji masu ja da zafi, da jan ido mai kumburi, da ciwon maƙogwaro, da fitsari mai raɗaɗi, da wani nau'in shawara. Duk in aka duba, siffa ɗaya ce ta haɗa su: ja, zafi, kumburi, raɗaɗi.

Abubuwa uku ne ya kamata mu riƙe game da yadda suke ba da shi.

Na farko, da awo ake ba da shi. Kundin magunguna na hukumar ƙasar Sin ya sa giram 10 zuwa 15 na busasshensa a yini. Sun kuma rubuta cewa in aka zarce yana sa zawo.

Na biyu, ba kasafai yake tafiya shi kaɗai ba. Fitaccen haɗinsu na maruru, wanda ya zo a wani littafin likitanci da fadar daular Qing ta fitar a 1742, tsirrai biyar ne, pugongying ɗaya ne daga ciki. Likitan ne ke ƙara wannan ya rage wancan bayan ya duba harshen majiyyaci ya taɓa bugun jijiyarsa.

Na uku, ba kowa ake ba ba, kuma ba kullum ba. Mutumin da cikinsa ba shi da ƙarfi, mai yawan gudawa, mai jin sanyi a hannu da ƙafa, mai kasala da rashin cin abinci, hana shi ake yi. Haka nan kumburin da ba ja ba zafi, sun ce ba aikinsa ba ne. Da zarar zafin ya sauka kuma, sai a ajiye maganin.

A nan akwai abin da zai ba matanmu sha'awa. Sinawa ma suna da nasu jegon. Mace takan yi wata guda a ɗaka bayan haihuwa, a hana ta iska da ruwan sanyi da duk abincin da suke ganin mai sanyi ne, a riƙa ba ta romo da citta. Kusan tunani ɗaya da wanda ya haifar da wankan jego da kunun kanwa a wurinmu. Saboda haka tsohuwar Basiniya ba za ta taɓa ɗora mai jego a kan shayin pugongying safe da yamma don kawai a wanke mata ciki ba. Sai in nono ya kumbura ya yi zafi, shi ma na 'yan kwanaki. To ina wannan, ina mai talla da ke cewa kowa ya sha, yaro da babba, mai ciki da mai shayarwa, wata uku a jere?

Ƙullutu iri biyu ne

Wannan shi ne ɓangaren da na fi so kowace mace ta karanta da kyau, ta kuma karanta wa wadda ba ta iya ba.

Tsofaffin likitocin Sin sun raba ciwon nono gida biyu. Na farko suna ce masa ruyong, shi ne kumburin da ke zuwa da sauri, yawanci ga mai shayarwa, da ja da zafi da zazzaɓi, wani lokaci ya tara mugunya. Wannan ne suke yi wa pugongying. Na biyu suna ce masa ruyan, ma'ana dutsen nono. Wani likita mai suna Chen Ziming ya siffanta shi a littafinsa na cututtukan mata a shekarar 1237: ɗan ƙullutu ne mai tauri da ke farawa ƙarami, ba ja, ba ciwo, ya daɗe yana girma a hankali, daga baya ya fashe ya zama gyambo mai zurfi. Ya kuma nuna cewa in ya kai nan yana da wuyar magani. Abin da yake siffantawa shi ne abin da muke kira sankarar mama a yau.

Ke nan tun kusan shekara 800 da suka wuce, masu ganyen da kansu sun san akwai ƙullutun da ba a wasa da shi. Duk wanda ya ce miki wannan shayin yana narkar da kowane ƙullutu, ya faɗi abin da ko littattafan Sinawan ba su faɗa ba. Kuma abin takaici, ƙullutun da ba ya ciwo shi ne mata suka fi rainawa, alhali shi ya fi cancantar a garzaya da shi. Likitocinmu sun daɗe suna kokawa cewa mata da yawa ba sa zuwa asibiti da sankarar mama sai ta yi nisa, bayan an ɓata watanni ana jiƙe-jiƙe da shafe-shafe. Ƙullutu mai tauri, ko kan nono ya shige ciki, ko fatar ta yi kamar ɓawon lemo, ko jini na fita daga kan nono, ko kaluluwa a hammata da ta ƙi tafiya, duk waɗannan na likita ne, a makon da aka gan su. Yawancin ƙullutun nono ba sankara ba ne, amma gwaji ne kaɗai ke rarrabewa.

Me binciken zamani ya gano?

An bincika abin da ke cikin tsiron. Ganyen yana da sinadarin fotasiyam da yawa, da bitamin A da bitamin K. Saiwar tana da wani nau'in harza mai suna inulin da ke ciyar da ƙwayoyin halitta masu amfani a hanji. Akwai kuma sinadaran da ke ba shi ɗaci, waɗanda ke motsa sha'awar abinci. A matsayin ganyen ci, abinci ne mai kyau.

A ɗakin gwaji da kuma jikin dabbobi, an ga ruwansa yana rage kumburi yana kuma hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Wannan ya yi daidai da abin da Sinawa suka lura da shi. Amma gwaji a jikin mutane kaɗan ne ƙwarai. Wanda aka fi ambata shi ne na shekarar 2009 a Amurka, inda mutum 17 kacal suka sha ruwan ganyen na yini guda, aka ga fitsarinsu ya ƙaru. Hukumar da ke tantance magungunan tsirrai a Jamus ta amince da shi ne a kan ƙananan matsaloli, kamar rashin cin abinci da kumburin ciki da sa fitsari. Babu wani ingantaccen gwaji a jikin mutane da ya nuna yana warkar da sankara, ko ciwon hanta, ko ciwon suga, ko ciwon ƙoda. Labarin da ke yawo cewa saiwarsa tana kashe sankara cikin kwana biyu, daga gwajin cikin kwalba aka ciro shi, kuma abin da ya faru a kwalba ba lallai ya faru a jikin ɗan Adam ba.

Kada a ɗauka raina maganin Sinawa nake yi. Duk gidan da aka taɓa shan maganin zazzaɓin cizon sauro na zamani, irin wanda ake sha kwana uku, an ci moriyarsa. Sinadarin atemisinin da ke cikinsa wata masaniya Basiniya, Tu Youyou, ce ta ciro shi daga wani tsiro dangin tazargade. Ita da abokan aikinta sun tattara tsofaffin haɗe-haɗe sama da 2,000, kuma a littafin wani likita mai suna Ge Hong, wanda ya rayu shekara 1,600 da ɗoriya da suka wuce, ta samo dabarar cewa kada a tafasa tsiron. A 1971 ta dace, aka gwada a dabbobi, ta gwada a jikinta, sannan aka gwada a marasa lafiya. A 2015 aka ba ta lambar yabo ta Nobel. Darasin shi ne daga cikin dubban haɗe-haɗen nan, sai da aka tace aka gwada kafin a fitar da wanda ya tabbata. Sai an gwada akan san na ƙwarai, shi kuwa dandeliyon bai gama cin wannan jarrabawar ba tukuna.

Waɗanda ya kamata su yi hattara

Ga lafiyayyen babba, kofi ɗaya na shayinsa jefi-jefi ba abin damuwa ba ne. Amma akwai waɗanda bai kamata su taɓa shi ba sai da izinin likita.

Mai ciwon ƙoda, domin fotasiyam ɗin da ke cikinsa yana iya taruwa a jini in ƙoda ba ta tacewa da kyau, hakan kuma yana taɓa bugun zuciya. Haka mai shan maganin hawan jini ko na zuciya, musamman masu sa fitsari da waɗanda ke riƙe fotasiyam a jiki.

Mai tsakuwa a matsarmama ko toshewar hanyarta, domin yana motsa ta.

Mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, saboda bitamin K da ke ganyen yana iya rikita aikin maganin.

Mai ciwon suga da ke kan magani, da mai shan litiyam na lalurar ƙwaƙwalwa.

Mai shan maganin kashe ƙwayoyin cuta na sifrofuloksasin, wanda aka fi sani da Sifro. Gwajin da aka yi a ɓeraye ya nuna irin na Sin ɗin yana rage ƙololuwar yawan da maganin ke kaiwa a cikin jini.

Mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara, domin ba a yi isasshen bincike a kansu ba in an wuce gwargwadon abinci. Sai kuma wanda jikinsa ba ya shiri da furanni dangin wannan tsiro, wanda kan yi ƙaiƙayi ko borin jini.

Duk wanda ke shan wani ganye ko shayi, ya gaya wa likitansa. Ɓoyewa ba ta cutar da likita, mai ɓoyewar take cutarwa.

Kama da wane ba ta wane

Akwai wata matsalar kuma, wato sanin ko abin da ke cikin kwalin shi ne abin da aka rubuta. A farkon shekarun 1990 a birnin Burasal na ƙasar Beljiyam, mata fiye da 100 da ke shan wani haɗin rage ƙiba sun gamu da lalacewar ƙoda, wasu har da sankarar hanyar fitsari daga baya. Da aka bincika sai aka gano an musanya wata saiwar Sin da wata mai guba, saboda sunayensu sun yi kama. Ba dandeliyon ba ne, amma darasin ya shafi duk wani ƙulli ko kwalin da ba mu iya karanta rubutunsa ba. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa da jerin abin da aka haɗa. A kuma sani cewa lambar ba shaida ba ce cewa maganin yana warkar da duk abin da mai talla ya lissafa. In aka duba jikin irin waɗannan kwalaye da kyau, sau da yawa za a ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba.

Masu karatunmu na Gana za su ce ai su suna da dandeliyon a bayan gida. Ganyen da ake kira haka a can, wanda Yarabawa ke ce wa yanrin, wani tsiro ne daban mai suna Launaea taraxacifolia. Dangi ɗaya suke, ganyensu ya yi kama, shi ma ana cinsa, amma ba shi ne pugongying ba, kuma abin da aka rubuta a kan wancan ba a ɗora shi a kan wannan.

Haka nan kada labarin yatsan Sun Simiao ya sa wata ta ɗauka duk farin ruwan tsiro magani ne. Na tumfafiya da na tinya suna ƙona fata, in suka shiga ido suna iya yi masa mummunar illa. Kada a shafa kowane irin ruwan tsiro a nonon da jariri zai kama.

To me mai jego za ta yi?

Kumburin nono ya fi zuwa a makonnin farko bayan haihuwa. Yawanci yana farawa ne in nono ya cika bai samu fita yadda ya kamata ba, ko jariri ba ya kamawa daidai, ko kan nono ya tsage ƙwayoyin cuta suka samu hanya.

Abu na farko, kada a daina shayarwa. Nonon bai lalace ba, kuma ba zai cutar da jariri ba. Cire yaro daga wannan ɓangaren shi ke ƙara cunkushe shi. A ci gaba da ba shi duk lokacin da ya nema, a tabbata ya kama har da baƙin da ke kewaye da kan nonon. In ciwo ya hana, a tatsa kaɗan da hannu don a samu sauƙi.

Na biyu, a bar murzawa da ƙarfi da gasawa da ruwa mai ƙuna, domin suna ƙara kumburin. Tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi, a ɗora na 'yan mintuna bayan shayarwa, ya fi sauƙaƙa raɗaɗi. A sassauta rigar mama. A sha ruwa, a huta, a sha farasitamol in ana buƙata. Nan ne aikin miji da uwar miji da 'yan'uwa yake: a ɗauke mata girki da wanki na 'yan kwanaki.

Na uku, in an yi yini guda babu sauƙi, ko akwai zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari tun farko, ko jan yana faɗaɗa, ko wurin ya yi laushi alamar ya tara mugunya, a tafi asibiti. Akwai magungunan kashe ƙwayoyin cuta da mai shayarwa ke sha lafiya lau. In ya zama ƙurji, ma'aikacin lafiya ne zai zuƙe ko ya fasa shi da kayan aiki masu tsabta, ba wanzami ba, ba kuma a gida ba. A ƙasar Sin ta yau ma, macen da ta je asibiti da irin wannan, ana duba ta da na'ura a ba ta maganin zamani in ta buƙata, ko da an haɗa mata da na gargajiya.

In kuma an gama magani amma ƙullutun bai tafi ba, a koma. Sankara takan ɓuya a bayan shayarwa, a yi ta cewa ai nono ne ya daskare.

Ga 'yar'uwar da ta aiko da tambaya, ki gode wa maƙwabciyarki, don da kyakkyawar niyya ta kawo. Ki ajiye kwalin, ki tafi da shi asibiti likita ya gani. Abin da ya kamata mu koya daga Sinawa a kan wannan ganye shi ne tsarinsu: sanin wace cuta, wane mutum, nawa za a sha, yaushe za a daina. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ina so in ji daga gare ku, musamman iyaye mata da ungozomomi: me ake yi wa kumburin nono a garinku, kuma me kuka gani da idonku? Ku rubuto mana a ƙasan wannan shafi, amma kada a saka sunan mara lafiya. Waɗanda suka fi yawa za mu ɗauko su mu duba ɗaya bayan ɗaya.